Rumbun da aka binne a ƙasa

Asabar, da dare.

Yau dai na kai Elliston. Tafiyar sama da awa 3 ce a mota daga birnin St. John's, kuma ina sauka iska ta nuna mini ita ke da garin. Tsohon ƙauyen masunta ne a gaɓar tekun Newfoundland, a Kanada, amma ni ramukan ajiyar abincinsu na je zanawa. Sun fi 130. Tun shekarar 2000 mutanen suka naɗa garinsu sarkin irin waɗannan ramuka a duniya, ni kuwa ban ja da su ba.

A jikin tudu ake haƙa su, a jera duwatsu a gaba, ciyawa ta lulluɓe sama, sai 'yar ƙofar katako da dole mutum ya sunkuya. Wata dattijuwa ta buɗe mini nata. Ƙofa biyu ce, sai ka rufe ta waje kafin ka tura ta ciki, kada sanyi ya biyo ka. Ciki duhu, ga ƙanshin ƙasa irin na ruwan fari. Dankalin turawa a akwatuna, karas a cikin yashi. Ta ce ko dusar ƙanƙara ta rufe ƙofar, abin da ke ciki ba ya daskarewa.

Na zauna a kan dutse da gawayina, yatsu na ƙagewa. Takarda uku na ɓata. Duk wadda na fara, sai hannuna ya yi wa ramin ciki zagaye, ya ɗora masa jinka, ya koma rumbun Baba. A ta uku na gane inda gizo ke saƙa. Mu a kan duwatsu muke ɗora rumbu, gudun danshi da gara. Su danshin suke nema, don kada karas ya yamushe. Ido na ganin abu a kwance, hannu ya saba da na tsaye.

Na kira Inna na nuna mata. Ta ce, "Ke 'yar nan, abinci a rami kamar gafiya? Ai ruɓewa zai yi." Na yi bayani har na gaji, ta ce Allah ya kyauta.

A takarda ta huɗu ƙofar kawai na zana, da baƙin da ke bayanta. Yayyafi ya ɗiga a gefe, gawayin ya zarto ƙasa. Ban goge ba. Tana jikin taga yanzu, tana bushewa.