Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shiga Silima a Haidarabad

A makon jiya mun tsaya a kan neman masauki. Yau silima za mu shiga, domin duk Bahaushen da ya taso da finafinan Indiya, da ya sauka ƙasar nan zuciyarsa na can.

Abin da muke kira Indiyanci a gida, Hindi ne. Haidarabad kuwa babban birnin jihar Telangana ce, harshen jihar Telugu, kuma masana'antar fim ɗinsu daban take da ta Mumbai, da jarumanta da mawaƙanta. Yawancin finafinan faɗa da ake fassara mana da Hausa ma daga nan kudu suke fitowa. Ɗan Hindin da ka tsinta a kallo zai yi maka amfani a tsohon gari, wajajen Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu da aka gina a 1591, inda ake jin Urdu. A silima kuwa sai ka lura, don fim guda yakan fito da Telugu da Hindi da Tamil a rana ɗaya. Harshen yana rubuce a jikin jadawali. Wanda bai duba ba, zai yi awa uku yana kallon baki na motsi.

Gidajen kallo iri biyu ne. Akwai na zamani masu ɗakuna da yawa, irin Prasads da ke kusa da tafkin Hussain Sagar, akwai kuma tsofaffi masu majigi ɗaya da suka taru a unguwar RTC X Roads. Na biyun sun fi araha, kuma a ganina nan ne ake ganin yadda mutanen nan suke son fim. Sukan nuna sau huɗu a yini: wajen 11 na safe, 2 na rana, 6 na yamma, da 9 na dare. Na safe ya fi dacewa da mai kula da salla, ana tashi Azahar ba ta fita ba. Na ƙarfe 6 kuwa yana cinye Magariba, hutun tsakiyar fim kuma bai wuce 'yan mintuna ba.

Tikiti ana yankarsa ta manhajar BookMyShow, sai dai katin banki na waje yakan ƙi shiga. Kafin ka buɗe asusu a bankin ƙasar, je ka tagar sayar da tikiti da tsabar rufi, wato kuɗin Indiya. Duba alamar hukumar tacewa: U na kowa ne, A na manya kaɗai. In aka sa taken ƙasa, a miƙe. Kotun Ƙoli ta wajabta sa shi a 2016, ta sassauta a 2018, amma inda aka sa, zama yana jawo rigima.

Yawanci ranar Juma'a ake sakin sabon fim. Don Allah kada ka kai iyali nunin farko na babban jarumi. Magoya baya suna kwarara madara a kan katafaren hotonsa, ana kiɗa, ana wasan wuta, ƙofa ta cushe. A Disamban 2024 wata mata ta rasu a turmutsitsi irin wannan a RTC X Roads. Jira zuwa Talata, kujera a wadace.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je Ramoji, birnin shirya fim da aka buɗe a 1996 a kan hanyar Vijayawada.