Dabbab ɗin Auta ya sha riga

Alhamis. Ban yi niyyar rubuta komai yau ba wallahi, amma maganar da Auta ya faɗa min a sina'iyya, unguwar makanikai ta nan Jidda, ta tsaya min a wuya, har na yi isha'i tana nan.

Kun san dabbab ɗin nan nasa baƙi, wato babur, ƙaramin Honda Grom da ya saya na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu. To kayan da ya yi oda ta intanet sun iso, kwali biyu riƙi-riƙi, ya tasa ni gaba bayan la'asar wai sai na raka shi wajen Ma'allim makanike. Riga ce ta dabbab ɗin gaba ɗaya, fuska da gefe da wutsiya, ja wur, wai in an ɗaura zai koma Ducati, babban babur ɗin nan mai gudun tsiya. Grom fa jama'a! Inji 125cc, taya inci 12, abin da in ka matsa masa a titin Madina ya kai kilomita 90 a awa sai ka ji yana neman gafara. An yi wa jaki kwalliyar hawan sallah kenan.

Ma'allim ya buɗe kwali ya ƙwanƙwasa da farce ya kalle ni na kalle shi. Faiba ce. Murafan kamfani robar ABS ne, in dabbab ya faɗi sukan lanƙwasa su dawo ko su ɗan kurje, faiba kuwa sai dai ka ji ƙas ta tsage, daga nan sai liƙi da fenti. Ga ramukan noti ba su hau kan na jikin ba, biyu sun shiga sauran sun ƙi, dole aka ɗauko abin huji aka buɗe sababbi, wani gefen ma da igiyar robar nan mai haƙora aka ɗaure shi. Da aka tayar sai kar-kar-kar daga ƙasan fitila.

Nan na buɗe baki. Na ce Auta, injin nan ba shi da ladiyeta, iskar hanya ce kawai take sanyaya shi, kai kuma ka rufe masa ciki da leɓen faiba a zafin Jidda, ka je ka tsaya a cunkoson Bab Makka da azahar ka ga yadda za ku ƙare. Na ce ka ƙara masa nauyi ba ka ƙara masa ƙarfi ko ɗis ba, istimara, takardar rajistarsa, ta ce baƙi ne kai ka fito da ja, in murur, 'yan sandan hanya, suka tsayar da kai me za ka ce, kuma ranar da za ka sayar duk mai hankali zai ɗauka hatsari aka yi ake ɓoyewa. Ni ban ƙi a canza sirdi ko madubi ko robar hannu ba. Honda da kansu tun samfurin 2021 suka yi murafan gefe yadda za ka kwance notuna ƙalilan ka sa wata kalar ka mayar, wannan gyara ne mai mutunci, amma nasa tsohon samfuri ne.

Bai yi musu ba, abin da ya fi damuna kenan. Yana goge hannu da tsumma ya ce, Yaya duk gaskiya ka faɗa, amma a garin nan aka haife ni, ikamata, takardar izinin zama, kullum sabuntawa, gidan da muke ciki na haya, shagon da nake wuni da sunan wani, wannan ne kaɗai abin da in na ce ya zama ja zai zama ja.

Na rasa ta cewa. Ma'allim ya yi kamar yana neman sifana.

Tun da muka dawo nake juya abin. Kaka ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan yana noma yana tara guzuri, ya hau jirgin ruwa a Sawakin, ga jikansa yau Larabcinsa ya fi Hausarsa kuma har yanzu baƙo ne, in ya je Najeriya ma ɗan Makka za a ce masa. Ni na saba, ko dai na koya wa kaina rashin kula, ban zaci yaron nan mai yawan dariya yana lissafin irin wannan ba. Rigar dai har yanzu ba ta yi min ba, kuma na san kafin hajji za ta tsage, in ta tsage kuma aljihuna za a duba.

Mun biya gidan abincin Albaik a hanya, shi ya biya, da alama toshiyar baki ce.

Hajiya ta leƙo ta taga ta ce dabbab ɗin wane ne aka toshe mana ƙofa da shi. Mukayyif ɗin falo, wato AC, ya koma ɗiga, na sa bokiti. Gobe Kawu zai shigo daga Makka bayan Juma'a, na ce wa Auta ya kai abin bayan gida ya rufe da bargo, don ni ba zan iya sauraron huɗuba biyu rana ɗaya ba.