Kwana Tara Tsakanin Tudun Makerere da Tudun Mulago

Kafin kowa ya kalli fasfonka a filin jirgin Entebbe, katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin shawara ake fara tambaya. Wanda zai je Yuganda ya sa shi a aljihun gaba, kada ya tura shi cikin akwatin da aka auna. Biza ta intanet ake nema tun daga gida, dala 50 ce ta shiga sau ɗaya, kuma a buga takardar amincewar a riƙe ta a hannu. A ɗaya daga cikin filayen jirgin da muka yada zango, wani jami'i yana ganin koren fasfo ya ware mu gefe, mu huɗu, ya yi ta juya takardun gayyatarmu, ko sannu bai ce mana ba, har aka kusa rufe ƙofar jirgi. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin a cikinmu har da dattijuwar da ta isa ta haife shi.

Daga Entebbe zuwa Kampala wajen kilomita 40 ne. Hannun hagu suke tuƙi, agogonsu ya riga namu da awa biyu. Masu canji sun fi son takardar dala 50 da 100 sabuwa fil. Ƙananan takardu ana karya musu farashi, tsohuwa ko mai yaga kuwa a dawo maka da abarka. Kampala tana kan tuddai ne, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa ranarsu ba ta da cizo irin ta Kano.

Jami'ar Makerere da ke Kampala tudu guda ta cinye. Kana shiga za ka hango babban ginin gudanarwa, fari tas, tagoginsa shuɗi, da hasumiyar agogo a tsakiya. An gama shi a 1941, gobara ta cinye shi a watan Satumba na 2020, aka sake gina shi a kamanninsa na da, aka buɗe a 2024. A kan itatuwan harabar borin-tunke ne suka yi sheƙa, wasu suna takawa a kan ciyawa kamar tsofaffin malamai, ɗalibai suna wucewa ko kallonsu ba sa yi. Makarantar ta fara ne a 1922 da ɗalibai 14 masu koyon kafinta da gini da kanikanci. Karatun likita ya biyo baya a 1924. A 1949 ta zama kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Landan, a 1963 ta shiga Jami'ar Afirka ta Gabas tare da Nairobi da Dar es Salaam, sai a 1970 ta tsaya da ƙafafunta. Julius Nyerere da Milton Obote da Mwai Kibaki da Benjamin Mkapa duk nan suka yi karatu. Nan kuma aka yi taron marubutan Afirka na 1962, wanda Chinua Achebe da Wole Soyinka suka halarta. Zamanin Idi Amin ya kusa kashe ta: a 1972 aka ɗauke shugabanta Frank Kalimuzo, ba a sake ganinsa ba, malamai da dama suka yi gudun hijira.

Amma sunan da jami'ar take ci a duniyar bincike a ɗaya tudun aka yi shi, wato Mulago, inda kwalejin lafiya take manne da babban asibitin ƙasa. A nan ne a 1957 likitan fiɗa Denis Burkitt ya ga yaro da kumburi a muƙamuƙansa na sama da na ƙasa, bai jima ba ya ga wani mai irinsa. Ya koma cikin tsofaffin fayilolin asibiti, ya tarar yaran suna da yawa, ya buga bayanin sankarar a 1958. Abin da ya fi burge ni shi ne matakin da ya ɗauka bayan nan. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil 10,000, asibiti bayan asibiti, suna nuna hoto suna tambaya ko ana ganin irin wannan. Da suka zuba amsoshin a taswira, sai ga shi cutar ba ta hawa tuddai masu sanyi, ba ta kuma zama inda ruwan sama ya yi ƙaranci. Iyakarta ta yi daidai da iyakar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Daga Mulago aka riƙa aika yankan kumburin zuwa Landan ta jirgi, a 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos a cikinsa, ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Cibiyar sankara ta Yuganda, wadda aka kafa a 1967, tana nan a tudun tana karɓar irin yaran nan har yau.

Haka aka yi da ƙanjamau. Likitocin Makerere, ciki har da David Serwadda da Nelson Sewankambo, su ne a 1985 suka bayyana cutar ramar da ke kashe mutane a yankin Rakai na kudancin Yuganda, wadda ashe ƙanjamau ce. Sannan ga gwajin maganin nevirapine da aka yi a Mulago tare da Jami'ar Johns Hopkins, aka fitar da sakamakonsa a 1999. Mata masu ciki sama da 600 ne suka shiga. Uwa za ta haɗiyi ƙwaya ɗaya ta miligiram 200 da zarar naƙuda ta fara, jariri a ɗura masa miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyinsa kafin ya cika awa 72. Yaɗuwar cutar daga uwa zuwa ɗa ta ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da wani maganin da aka gwada su tare, a kan kuɗin da bai wuce dala 4 ba. Masu binciken da kansu suke faɗin inda gizo ya yi saƙa: maganin yana daɗewa a jini yana raguwa a hankali, shi kaɗai ba mataimaki, sai ƙwayar cutar ta samu damar saba masa, ta daina jin sa. Saboda haka daga baya aka koma ba uwa cikakken haɗin magunguna. An kuma soki yadda aka adana wasu bayanan gwajin, har wani kwamiti a Amurka ya sake bin su a 2005, ya tabbatar da sakamakon.

Rabin yini na yi a wani ɗakin ajiyar samfurin jini, kuma shi ne abin da nake ta ba abokan aiki labari tun da na dawo. Firizoji ne jere, kowace tana kan digiri 80 ƙasa da sifili, a ƙofarta takarda ce da ake rubuta sanyinta safe da yamma, da sa hannun wanda ya duba. Guda ɗaya a kunne take amma babu komai a ciki, an ajiye ta ne don ranar da wata za ta mutu a kwashe kayanta nan take. Ɗakin yana da na'urar sanyaya iska biyu, domin firizojin zafi suke fesarwa ta baya, idan ɗaki ya ɗumame kuma injinsu ne ke ƙonewa. Ana wanke matatar ƙurarsu a kan jadawali. Idan sanyi ya fara sauka, ƙararrawa tana kiran wayar mai gadin ɗakin ko da tsakar dare ne. Jinin mutum ɗaya ana tace ruwansa cikin 'yan sa'o'i, a raba shi ƙananan kwalabe da yawa, saboda narkarwa da sake daskararwa suna lalata abin da ake son aunawa. Kowace kwalba da lambarta ta na'ura, ba sunan mutum, a akwati mai gurbi 81. Matashiyar da ke kula da ɗakin ta ce in zaɓi kowace lamba a kwamfuta. Na zaɓa, ta sa safar sanyi, ta buɗe, ta zaro kwalbar kafin raɓa ta sauka a kan sauran.

Wanda zai yi bincike da masanan Makerere ya shirya wa takardu. Sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, sannan majalisar kimiyya da fasaha ta ƙasa ta yi rajistar aikin, idan gwajin magani ne hukumar magunguna ma ta sa hannu. Samfur ba ya fita ƙasar sai da rubutacciyar yarjejeniyar abin da za a yi da shi.

Ina tsaye a ɗakin nan Garki ta jihar Jigawa ta faɗo mini a rai, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi binciken zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, wanda har yau masana suke komawa ga alƙalumansa. Na tuna aikin sanƙarau da aka yi a Zariya a shekarun 1970, da na Malumfashi. Mu ma mun taɓa riƙe irin wannan igiya. Su dai ba su saki tasu ba, wanda aka horar ya horar da wani a kan ƙauyukan nan da cututtukan nan.

Ba komai ne zuma ba. Galibin kuɗin manyan binciken daga waje yake zuwa, Amurka da Turai, kuma mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya, shi ya sa ƙanjamau da tarin fuka suka fi hawan jini da ciwon suga samun gata. Suwidin ta shafe wajen shekara 20 tana ɗaukar nauyin masu digirin digirgir. A 2019 gwamnati ta fara ware wa jami'ar shilin biliyan 30 a shekara don bincike, abin a yaba ne, amma bai kama ƙafar abin da ke shigowa daga waje ba. A ɓangaren koyarwa, tun da aka buɗe ƙofar ɗalibai masu biyan kuɗin kansu a farkon shekarun 1990, yawansu ya tashi daga 'yan dubbai zuwa sama da 30,000, ajujuwa suka cika maƙil. Masanin nan ɗan Yuganda Mahmood Mamdani ya yi littafi guda a 2007 yana sukar yadda neman kuɗin shiga ya danne bincike a wasu tsangayoyin. Yajin aiki ma sun san shi, a ƙarshen 2016 sai da aka rufe jami'ar wata biyu.

Mai masaukina, wani dattijon farfesa, bai bar ni na ci abinci ni kaɗai ko sau ɗaya ba. Ran Juma'a ya kai ni babban masallacin tudun Old Kampala, wanda Gaddafi ya ƙarasa, ya zauna a mota yana jirana duk da shi ba Musulmi ba ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da ka tafi, zan hau babur." Ya ce baƙonsa ba ya hawa boda-boda, domin ya san yawan karayar da 'yan acaɓan nan suke kaiwa asibiti. A gidansa 'ya'yansa mata har ƙasa suka durƙusa suka gaishe ni, kamar a Katsina. A hankali suke magana, har na lura muryarmu ta 'yan Najeriya tana sa su waiwaye. Matoke, wato ɗanyar ayabar da ake turarawa a cikin ganyenta, da miyar gyaɗa, tana da daɗi, sai dai ba yaji ko kaɗan, wanda zai je ya ƙulla nasa. A Wandegeya, bakin ƙofar jami'a, ana naɗe wainar ƙwai da tumatir da kabeji a cikin capati, suna ce masa rolex, na shilin 2,000 ya riƙe ni har la'asar. Ayaba da abarba kamar kyauta. Ɗakin kwana da motar haya kuwa sun fi na gida tsada nesa ba kusa ba. A tambaya kafin a zauna cin nama, gidajen gasa alade suna da yawa a unguwar.

Kwana biyu na ƙarshe muka yi kudu, muka tsallaka layin ikwaita a Kayabwe, muka wuce Masaka zuwa Kalisizo a yankin Rakai. Tun 1994 masu binciken ƙanjamau suke bin mutanen ƙauyukan Rakai 'yan shekara 15 zuwa 49, zagaye bayan zagaye. A can aka yi gwajin da ya nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da ƙanjamau da wajen rabi, aka tsayar da shi a Disamban 2006 don a yi wa sauran mazan. Ruwa ya tare mu a hanyar dawowa, muka iso Entebbe da dare, jirgi ya tashi kafin asuba.