Na Bi Sawun Repin Zuwa Gonar Tolstoy

Wani ɗan ƙaramin zane ne ya fitar da ni daga Mosko da sassafe. A gidan adana zane-zane na Tretyakov na gan shi: dattijo mai furfura ya duƙa a kan garma, farin doki na ja, wani dokin na biye da shi yana baje ƙasa. Ilya Repin ne ya zana shi a 1887, manomin kuwa amininsa ne, marubuci Leo Tolstoy. Ni da na tashi ina bin shanun huɗa, kallo ɗaya na yi wa kafaɗun mutumin na san ba don a zana shi ya riƙe garmar ba. Ran nan na ƙudura sai na taka ƙasar da aka yi wannan huɗa.

Daga tashar Kursky na hau jirgin ƙasa zuwa Tula, tafiyar kusan kilomita 200 kudu da Mosko. Daga nan 'yar ƙaramar bas ta kai ni Yasnaya Polyana, gidan gonar Tolstoy. Wasu gajerun hasumiyoyi biyu farare ne ke tsaye a bakin shiga, sai tafki a hagu, sai doguwar hanya da itatuwa masu farin ɓawo suka yi wa rumfa har gidan.

A 1880 Repin da Tolstoy suka san juna a Mosko, lokacin da Tolstoy ya je ɗakin aikin Repin da ƙafarsa. Tolstoy ya girme shi da shekara 16, kuma ba su cika jituwa a kan amfanin zane ba, amma zumuncin ya kai shekara 30. A watan Agustan 1887 Repin ya fara sauka a wannan gida. Tolstoy ya fita yi wa wata mata da mijinta ya rasu huɗa, Repin ya bi shi da littafin zane da fensir, yana gudu daga wannan bakin kunya zuwa wancan don ya tare shi ta gaba. Daga waɗannan zane-zanen gaggawa aka samu wanda na gani a Mosko.

A babban falon bene hotunan iyalin na rataye, har da aikin Repin da na wasu masu zane, Kramskoy da Serov. Suna da kyau, amma ban daɗe a gabansu ba. Ɗakin ƙasa ne ya riƙe ni, wani mai rufin baka irin na soro, bangonsa kauri, tagoginsa ƙanana. Da can ɗakin ajiya ne, har yanzu ƙarafan da ake rataye kayan abinci na nan a rufin. Nan Tolstoy ke ɓuya ya yi rubutu, nan kuma Repin ya zana shi a 1891, zaune ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa, kansa a sunkuye kan takarda, lauje da zarto a jikin bango. Na tsaya a wajen da nake zaton Repin ya zauna. Ɗakin bai da faɗin da baƙo zai shige ba a ji motsinsa ba. Wanda aka bari ya zauna a nan yana kallon mai gida na aiki, to ya wuce baƙo, ya zama ɗan gida.

Abin da ya sa na fi son zanen fensirin ke nan a kan manyan hotunan fenti. Wanda ya zauna don a zana shi yakan gyara fuska, kamar yadda muke gyara hula in za a ɗauke mu hoto. Repin kuwa ya samu Tolstoy yana karatu a kishingiɗe, yana rubutu, yana tsakiyar aikin gona, a lokutan da ya manta da akwai mai kallonsa. Ko a gaban ɗan'uwa ba kowa ke sakin jiki haka ba.

Da la'asar na bi wata siririyar hanya cikin kurmi zuwa kabarin Tolstoy. Ya rasu a 1910 a tashar jirgin ƙasa ta Astapovo, aka dawo da shi nan kamar yadda ya yi wasiyya. Tudun ƙasa ne kawai a bakin kwari, ciyawa ta rufe shi, babu dutse, babu suna. Na yi tsammanin gini irin na manyan Turai, sai na tarar da abin da ya yi kama da kaburburan garinmu, har jikina ya yi sanyi. Wata tsohuwa ta ajiye furanni a gefe, ta gyaɗa mini kai, muka juyo tare babu wanda ya ce uffan.

Kafin bas ta zo na zaro biro na gwada zana tsohuwar a bayan tikitina, tana zaune a kan benci tana cin tuffa. Hannun ya fito, gyalen ya fito. Fuskar ce ta ƙi, don duk sanda na ɗaga kai sai in tarar tana kallona.