Firizar bincike ta haɗaka da yanayin Kano

A ɗakunan gwaje-gwaje irin na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kayan aikin da sashe ɗaya ba zai iya mallaka shi kaɗai ba, dole a yi tarayya. Na'urar PCR mai ninka ƙwayoyin gado don a gwada su, injin juya jini, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, duk suna ciki. Amma wadda ta fi cancanta a sa mata ido ita ce firizar da ke sanyaya samfuri zuwa digiri 80 ƙasa da sifili. Ran da ta tsaya, aikin shekaru na mutane da yawa ne zai narke tare.

Yawancin irin waɗannan firizoji an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura 40. Saboda haka na'urar sanyaya ɗaki wajibi ce, kuma a bar tazarar aƙalla santimita 20 tsakanin firizar da bango, domin zafin da take fitarwa ya samu hanya. Kwampreso biyu gare ta, na farko yana sanyaya na biyu. In na farko ya galabaita, za ka ga lambar da ke jikin allo ta maƙale a 50 ko 60 ƙasa da sifili, ta ƙi sauka.

Sai ƙurar hunturu. A ƙasan firizar, ta gaba, akwai matatar ƙura. Zaro ta a watan Janairu ka gani: ƙura ta yi mata kauri kamar bargo, iska ba ta ratsawa. Wannan kaɗai ya isa ya ƙona kwampreso. A ganina, daga Nuwamba zuwa Maris a wanke ta duk mako biyu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.

Wuta kuma, a sa mata sitabilaiza mai jinkirta kunnawa na 'yan mintuna, don kada kwampreso ya tashi da nauyi lokacin da aka koma janareta. In an ɗauke wuta, kada kowa ya buɗe ƙofar, ko da leƙe ne.

Sauran ɓarnar daga masu amfani take zuwa. Ɗalibi ya buɗe ƙofa yana lalube, minti biyu, uku, saboda bai san inda samfurinsa yake ba. Danshi ya shiga, ƙanƙara ta taru a robar ƙofa, ƙofar ta daina kamawa. Maganinsa taswira ce a manne a waje: wane sashe ke da wane bene, wane akwati, wane gurbi cikin 81 ko 100 da ke cikin akwatin. Salatif na kasuwa yakan ɓamɓare a wannan sanyi, a bar ka da kwalabe marasa suna, don haka a yi amfani da takardar manni da aka yi domin sanyi, a rubuta suna da kwanan wata. Samfurin ma a kasa shi ƙanana tun farko, musamman RNA, wani sinadarin ƙwayoyin gado, wanda yawan narkewa da sake daskarewa ke lalatawa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an ɗora wa ma'aikaci ɗaya alhakin firizar, da littafin rubuta sanyi safe da yamma, da lambar wayarsa a jikin ƙofa. Kowace ƙungiyar bincike ta riƙa biyan wani abu a kan kowane akwati, a tara don gyara da man janareta. A kuma yi yarjejeniya a rubuce da wani ɗakin gwaji na kusa, ya ware bene guda fanko, wanda za a kwashe samfura zuwa cikinsa ranar narkar da ƙanƙara ta shekara ko daren da ƙararrawa ta yi kuka.