Matakin gefen Ijapa ta ya zauna, bayan sati uku ina kokawa da noti ɗaya

Jama'a yau dai Alhamdulillah, matakin hagu na ƙarƙashin ƙofar motata ya zauna daram, na hau na yi tsalle a kai bai ko motsa ba, har masu shayin bakin layinmu a Agege suna min dariya wai Alhaji ya samu lilo.

Waɗanda suka ga Basuwajar nan, wato Volkswagen Beetle da ake ce wa Ijapa, lokacin da na jawo ta sun san yadda matakan suke, robar sama lafiya lau, kana ɗagawa tsatsa ta cinye ƙarfen kamar gara ta ci zana. Ruwan Legas ne, ya shiga ƙarƙashin roba ya kwanta shekara da shekaru. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, ƙusa huɗu masu kan lamba 10 a jikin dogon bututun nan da ke kawo iskar zafi, sai biyu masu kan 13 a madigadi gaba da baya, shikenan. Ina! Uku sun fito, ta huɗu tana ta juyawa ba ta fita ba ta ɗaurewa, ashe notin da aka like ta ciki tun daga kamfani ne ya ɓalle yana bin ta, kuma wajen rufe yake ba inda hannu zai shiga. Na jiƙa ta da man birki kwana biyu, na sa sukudireba na banƙaro kan ina juyawa, na ɗumama, har filaya na karya. Wani fanel bita ya ce in bari ya manna matakin da walda kawai a huta, na ce Malam ran da zan cire kuma fa? A ƙarshe giranda na sa na fille kan, muka yanke ƴar taga daidai wajen, muka zaro ruɓaɓɓen notin, muka walda sabo a bayan ɗan falle muka mayar muka shafe da jan fenti. In za ku yi walda ku cire kan batir tukuna, yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma ku ɗage kafet, nawa sai da ya fara hayaƙi.

Sai katalog, wato littafin lambobin kayan mota, nan ne kuɗi suka tafi. Lambar kayan Volkswagen tara ce, uku uku. Ukun farko irin motar, 111 ko 113 duk Ijapa ne, ta huɗu ita ke faɗin sashe, 1 inji, 8 bodi, in ta ƙarshe mara ce na hagu ne, in cika ce na dama, harafin da ke bin baya kuma gyaran da suka yi wa kayan daga baya. Duk wannan na haddace, amma hagun nasu na wanda ke zaune a sitiyari ne, ni kuwa a gaban mota na tsaya na ƙirga. Haka na je kasuwar kayan mota ta Ladipo na biya dubu talatin da biyar na kinkimo na dama, ga kuɗin mota ga go-sulo, mai shagon ya ce ba ya mayar da kuɗi sai dai canji da ciko, kuma laifina ne ba nasa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, katalog ɗin na motocin Jamus ne, shekarar ƙirar motocinsu ma daga Agusta take farawa. Tawa ƴar Ojo ce, masana'antar hanyar Badagry da ta fara haɗawa a 1975 da kayan Brazil. A littafin, farin ƙarfen ado na bakin mataki milimita 33 ne har 1966, ya koma 18, daga 1973 ya ƙara sirancewa, to tawa ta 1977 ce amma wanda na cire mai faɗi ne, kilif ɗin da na saya bisa shekarar motar ko ɗaya bai kama ba. Yanzu tsohon nake sawa a leda in tafi da shi kasuwa, da tef a aljihu.

Na dama yana nan ban taɓa ba, jiya na ɗan gwada ƙusar farko da sifana, ita ma ta fara juyawa.