Abin da nazarin efijenetiks ya koya mana kan sankarar mama bayan ɗaukewar haila

Duk wanda ya daɗe yana nazarin sankarar mama, abu na farko da ke ba shi mamaki shi ne ƙarancin rabon gado a cikinta. A 2022 kimanin mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da cutar a duniya, kusan 670,000 kuma suka rasu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Amma waɗanda suka gaji wata matsala a ƙwayoyin halittarsu daga iyaye, irin ta BRCA1 ko BRCA2, ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Sauran mafi rinjaye babu wani gadon da za a nuna. Shekaru ne, da sinadaran jiki, da yadda rayuwa ta tafi, da kuma abin da ba a iya hangowa.

A nan ne ilimin efijenetiks ya shigo. Masanin Birtaniya Conrad Waddington ne ya fito da sunan a 1942. Bayaninsa a sauƙaƙe: kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da DNA iri ɗaya, amma ba duka ake karantawa ba. Kamar littafi ne guda da aka raba wa kowa, sai dai an manne wasu shafuka an bar wasu a buɗe, ƙwayar hanta da nata shafukan, ƙwayar nono da nata. Hanyar mannewa da aka fi nazari ita ce liƙa wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil a kan harafin C na DNA, a wuraren da harafin G ke biye da shi. Idan metil ya taru a farkon wata ƙwayar gado, wato ɗaya daga cikin shafukan nan, yawanci sai a daina karanta ta. Haruffan ba su canza ba, an dai rufe su.

A cikin ƙarin sankara ana ganin abu biyu a lokaci guda. Metil yana raguwa a faɗin DNA gaba ɗaya, abin da ke sa ta rashin daidaito, sannan yana taruwa fiye da kima a kan ƙwayoyin gadon da aikinsu shi ne hana ƙwayar jiki yaɗuwa ba bisa ƙa'ida ba, irin su RASSF1A, har da BRCA1 kanta. Wato mace na iya gadon BRCA1 lafiya lau daga uwa da uba, amma a cikin nononta an rufe ta.

Darasi mafi nauyi, a ganinmu, ya shafi kitse. Kafin haila ta ɗauke, ma'ajiyar ƙwai ce ke samar da mafi yawan istirojin, sinadarin mata da kusan kashi 70 zuwa 80 na sankarar mama ke dogaro da shi wajen girma. Idan haila ta ɗauke, wato an yi wata 12 cur ba a gan ta ba, galibi tsakanin shekara 45 da 55, ma'ajiyar ƙwai ta ajiye wannan aiki. Amma istirojin bai ƙare ba. Kitsen jiki ne ya karɓi aikin. Akwai wani sinadari a cikinsa mai suna aromates wanda ke juya wasu sinadarai da jiki ke fitarwa su koma istirojin. Yawan kitse, yawan aromates. Kuma nono kansa cike yake da kitse, don haka ana sarrafa abin ne dab da ƙwayoyin da za su iya lalacewa.

Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. Mace mai ƙiba tana da ƙarancin furotin ɗin da ke riƙe istirojin a jini, sai wanda ke yawo a sake ya ƙaru. Insulin ma yana hauhawa, shi kuma yana ingiza ƙwayoyin jiki su riƙa rabuwa. Idan ƙwayoyin kitse suka kumbura har wasu suka mutu, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su kewaye su, a samu kumburi na ciki wanda ba ya ciwo, ba a jin sa, amma yana ƙara wa aromates ƙarfi. Wannan ne ya sa ƙiba kafin ɗaukewar haila ba ta ƙara haɗarin wannan cuta, har ma ana ganin ɗan raguwa, amma bayan ɗaukewarta sai lissafi ya juye: duk ƙarin maki 5 a ma'aunin nauyi da tsawo yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Mata da yawa ba su san da wannan juyi ba, kuma shi ya kamata a fara gaya musu.

Hujja mafi ƙarfi cewa wannan hanya gaskiya ce ta zo ne daga magani. Ƙwayoyin da ke toshe aromates, irin su anastrozole da letrozole, suna aiki ne ga matan da hailarsu ta ɗauke. A gwajin IBIS-II da aka wallafa a 2014, anastrozole ya rage kamuwa da kusan rabi a tsakanin mata masu haɗari sosai. Ba magani ba ne da za a sha haka kawai, domin yana rage ƙarfin ƙashi yana kuma kawo ciwon gaɓoɓi, likita ne ke yanke hukunci. Abin da ya nuna shi ne ainihin inda matsalar take.

Shin rage nauyi bayan shekara 50 yana da amfani, ko lokaci ya ƙure? Wani bincike da ya haɗa bayanan mata kusan 180,000, wanda ya fito a 2019, ya nuna waɗanda suka rage kilo 9 ko fiye, kuma nauyin bai dawo ba, haɗarinsu ya yi ƙasa da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu. Ko kilo 2 zuwa 4 da rabi ma an ga amfaninsa. Sharaɗin shi ne ɗorewa. Kuma sikeli kaɗai ba ya faɗin komai: a auna ƙugu da igiyar awo, a tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin kwatangwalo, bayan an fitar da numfashi. Idan ya haura santimita 88, kitsen ciki ya yi yawa ko da nauyin bai nuna ba.

Motsa jiki yana taimakawa ko da nauyi bai sauka ba, saboda yana rage insulin da kumburin ciki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za a iya magana a cikinta amma ba za a iya waƙa ba, da kuma aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako.

Barasa kuwa maganarta a fili take. Nazarin da ya haɗa bincike 53 a 2002 ya nuna duk giram 10 na barasa a rana, kusan ƙaramin kofi ɗaya ke nan, yana ƙara haɗari da kimanin kashi 7 cikin ɗari, kuma ba a gano wani adadi da babu haɗari a cikinsa ba. Tana ƙara istirojin, jiki kuma yana mayar da ita wani guba mai lalata DNA. A nan alaƙar da efijenetiks kai tsaye ce, domin barasa tana hana jiki cin moriyar folet, bitamin ɗin da ake buƙata wajen samar da metil. Sai dai kada a ɗauka cewa haɗiyar ƙwayoyin folet da yawa zai toshe ɓarnar. Gwaje-gwaje ba su nuna haka ba, kuma abin da abinci mai ganye da wake ke bayarwa ya wadatar da yawancin mutane.

Sai maganin sinadaran mata da ake bayarwa don rage zafin jiki da gumin dare. A 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata sama da 16,000, bayan an ga haɗin istirojin da furojestin, wani sinadarin mata da ake haɗawa da shi, yana ƙara mata 8 masu kamuwa a cikin kowace 10,000 a shekara. Istirojin shi kaɗai, wanda ake bai wa matan da aka cire wa mahaifa, bai nuna wannan ƙari ba a gwajin. Saboda haka tambayar da ya kamata mace ta yi wa likita ita ce wane iri ne, nawa ne, kuma har tsawon yaushe.

Wani darasin kuma na taka-tsantsan ne. Tabbas rayuwa tana barin sawu a kan DNA. Mutanen da suke cikin mahaifa lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, an same su da ƙarancin metil a kan ƙwayar gado ta IGF2 bayan kusan shekara 60. Shan taba yana barin alama bayyananniya a kan ƙwayar gado ta AHRR, wadda ke dusashewa a hankali idan an daina. A 2013 Steve Horvath ya nuna cewa da wurare 353 a DNA ana iya ƙiyasta shekarun mutum, kuma wasu bincike sun ga matan da wannan awo ya nuna sun girmi shekarunsu suna da ɗan ƙarin haɗarin sankarar mama. Amma kusan duk wannan awo a jini ake yin sa, alhali cutar a nono take, kuma tsarin metil ɗin sassan biyu ba ɗaya ba ne. Jinin kansa haɗin ƙwayoyi ne iri-iri, idan rabonsu ya canza saboda mura ko magani, sakamako ya canza. Idan kuma an ɗibi jinin bayan cuta ta fara, zai yiwu cutar ce ta jawo alamar. Shi ya sa binciken da ake amincewa da shi shi ne wanda aka ajiye jini shekaru kafin a gano cutar. Duk mai sayar da gwajin da zai faɗa wa mace ko za ta kamu, ko ƙwayar da za ta “gyara” mata DNA, ya wuce inda ilimi ya tsaya.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake juya waɗannan alƙaluma su zama zargi. Lissafi ne na jama'a mai yawa. Akwai siririya mai motsa jiki, wadda ta shayar da 'ya'yanta, ba ta taɓa kusantar barasa ba, kuma ta kamu. Shekaru su ne babban dalili, babu mai iya tsayar da su. Don haka rage haɗari ba ya ɗauke wa kowa buƙatar gwaji. Inda ake da na'urar hoton nono, ana so mace mai shekara 50 zuwa 69 ta yi duk shekara biyu, wasu ƙasashe ma daga 40 suke farawa. Kuma bayan haila ta ɗauke, duk wani ƙullutu a nono ko hammata, ko kan nono ya lotsa ciki, ko fitar jini daga gare shi, ko fata ta yi kauri ta yi ramuka-ramuka, a je asibiti cikin makon nan, ko da babu zafi, domin yawancin ƙullutun sankara ba ya ciwo a farko.